Azumin da Majo Bai Sa Ni Ba

Shekara takwas ina da ciwon sukari kafin tarin ya zo. Na fara da wannan don shi ne ya rufe mini ido. Mutum in yana da ciwo guda mai suna, duk abin da ya same shi a kan wannan ciwon ake ɗorawa. Na rame, anka ce sukari. Na daina sha'awar tuwo, sukari. In tashi da asuba rigata jiƙe sharkaf kamar na yi ban ruwa, matata ta matse ta ta shanya, ta ce sukari ne. Ni ma haka na ce. Tari kuwa, wane manomin albasa ne ba ya tari? Muna shiga garka tun raɓa ba ta bushe ba, mu tsaya cikin laka, hayaƙin injin ruwa yana shiga mana hanci. Na sha sassaƙe, na sha maganin kwalba da ake kawowa daga ƙetaren iyaka. Wata uku ina abu guda.

Ranar da na tofar da kaki a bakin rijiya na ga jini ciki, sai na sa ƙafa na turo ƙasa na rufe. Ban gaya wa kowa ba. Amma mace mai wanke maka tufafi ba ka da abin ɓoye mata. Washegari ta yafa gyale ta tsaya bakin ƙofa, ta ce, "Malam, tashi. Ko ka bi ni gidan likita, ko in je in kawo majo nan ya same ka kan tabarma."

Majon, wato ma'aikacin jinyar da ke riƙe da gidan likitar garinmu, Bazabarme ne, daga yamma anka turo shi. Ni kuwa kakana Bagobiri ne, mu da su abokan wasa ne, don haka tun da ya sauka garin ba mu taɓa yin gaisuwar mutunci ba. Hausarsa tana da kyau, sai dai duk inda ta yage da Faransanci yake yi mata faci. Ni lakwal, makarantar boko, aji uku na yi anka cire ni. Rubutun nan ma a ajin manya na ƙarasa koyonsa.

Da ya gan ni ya ce, "Bawana, mi ya kawo ka? Sukarin ya ƙare ne ka zo a ƙara maka?"

Na ce, "Tari nake yi."

"Tun yaushe?"

"Kwana biyu."

Matata daga bakin ƙofa ta ce, "Wata uku, majo. Jiya har da jini."

Dariyar ta bar fuskarsa. Ya tashi ya buɗe tagogi duka biyu, ya miƙo mini abin rufe hanci. Ya ba ni 'yan robobi masu murfi, ya ce in koma bayan gini inda iska take, in tono kaki daga can ƙasan ƙirji, ba miyau yake so ba. Ya rubuta takarda ya ce in kai Kwanni, a duba kakin, a ɗauki hoton ƙirjina.

Lokotoron, wato likitar da ta duba ni a Kwanni, mace ce mai magana a hankali. Ta ɗaga hoton wajen haske. Ban taɓa ganin cikin jikina ba sai ranar. Haƙarƙarina kamar kwarangwal ɗin rumbu da ba a yi wa jinka ba, can sama gefen dama wani farin gajimare ya taru, da ɗan rami a tsakiyarsa. Ta ce tarin fuka ne, kakin ma ya nuna. Ta ce yana warkewa, wata shida na magani in ban yi wasa ba. Sannan ta tambaye ni ko akwai wanda ya taɓa irin wanga tari a gidanmu.

Na ce babu. Sai na tuna. Na ce, "Innata. Amma an fi shekara arba'in."

Ta ce ba za ta iya rantsuwa ba. Mai yiwuwa a kasuwa na ɗauke shi bara, ko cikin mota. Amma yana iya shiga ƙirjin yaro ya kwanta barci, jiki ya tsare shi shekara da shekaru, sai ranar da wani abu ya kashe wa jiki ƙarfi ya farka. Ta ce sukari yana cikin abubuwan da ke buɗe masa ƙofa.

Maganar kasuwa da mota a nan ofis ɗin na baro ta. Ɗayar na ɗauko na hau babur da ita. Duk hanya, har munka wuce Tsarnawa, hannuna yana kan ƙirjina ta dama.

Ina da shekara bakwai ko takwas Inna ta fara tari. Kafin nan tabarma guda muke kwana, bayana a cikinta. Da tarin ya yi tsanani sai anka gyara mata wata bukka bayan rumbuna, anka toshe duk wata kafa don kada iska ta taɓa ta, anka rataya asabari a ƙofar. Anka ware mata ƙwarya, anka ƙona bakinta da ƙarfe don kada ta gauraya da namu. Gwaggona, ƙanwar babana, ita ke kai mata fura. Ta ajiye bakin asabari ta ja baya. Ni an ce in na shiga za a karya mini ƙafa. Sai in laɓe gindin rumbu in jira. Hannu ya fito daga ƙarƙashin asabari, siriri, da awarwaron jan ƙarfe da ke zamewa har gwiwar hannu, ya ja ƙwaryar ciki. Damina guda ina kallon wannan hannun. Ranar da anka fito da gawarta an riga an kai ni Bazaga wurin dangi.

Babu hotonta. Wa ke hoto a ƙauye a lokacin? Na girma, na yi aure, na aurar, wata rana na nemi fuskarta a raina na rasa. Hannun yana nan, awarwaron yana nan, ƙarar tarin yana nan. Fuska babu. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Namiji mai furfura ba ya zama majalisa ya ce ya manta fuskar uwarsa.

Majo ya buɗe mini kati, ya zubo mini ƙwayoyi manya jajaye a tafin hannu. Ya ce fitsarina zai koma ja kamar ruwan zoɓo, kada in ruga in ce jini ne. Ya sa anka duba matata da duk wanda ke kwana gidan, Allah ya sa babu wanda ya ɗauka. Ya ce in riƙa kwana inda iska ke ratsawa, in rufe baki in zan yi tari. Matata ta tambaye shi ko a ware mini kwano. Ya ce kwano ba ruwansa, a iska abin yake tafiya. Ɗaki a rufe shi ne mugun abu. Na tuna bukkar da anka toshe wa kafofi.

Sannan ya ɗaga yatsa ya ce, "Kullum da safe, ajan. Ka ji ni, bawana? Ajan. Ko rana guda kada ka tsallake."

Na ce na ji. Kuma na san kalmar, shi ya sa ban tambaya ba. Shekara takwas ina jin ta. Duk lokacin da za a auna mini sukari a Kwanni ana cewa in zo ajan. Ka tashi ba ka ci ba, ba ka sha ba, ka hau babur, ka zauna kan benci ka bi layi, sai rana ta take tsakar kai a ɗebi jininka, sannan ka fita ka nemi abin sa wa ciki. Ni a wurina ajan ke nan: baki a rufe har azahar, irin azumin da muke sa yara su koya.

Haka na fara. In haɗiye ƙwayoyi bayan sallar asuba da ruwa, in ɗaure ciki har azahar. Da farko gaban majo nake haɗiyewa, daga baya ya riƙa ba ni na mako guda, ya sa matata ta tsaya kaina tana sa alama a kati. In ta kawo kunu sai in ce majo ya ce ajan. Ita ko aji guda ba ta yi ba, ta mayar da kunun ta rufe.

Makonnin farko ba abin da ya same ni sai yunwa, don sukarina sama yake. Hawa ma yake ta yi. Da na koma Kwanni lokotoro ta huda mini yatsa, ta kalli ɗan injin, ta girgiza kai. Ta ce maganin tarin yana cinye ƙarfin ƙwayoyin sukarin da nake sha, kuma in sukari ya tsaya sama tarin ba zai yi saurin mutuwa ba. Ta mai da ni kan allura. Ta koya mini in tsinko fatar ciki in soka da kaina. Ta ce in ajiye kwalbar cikin 'yar tukunya, in binne ta cikin jiƙaƙƙen yashi gindin randa. Ta ce, "Ka yi allura da safe ka ci abinci."

Na ce to. A raina na raba musu aiki. Ita ce mai sukari, majo ne mai tari. Sukari shekara takwas bai kashe ni ba, tari kuwa damina guda ya yi wa Inna. Maganar majo ce gaba. Zan yi allura da safe, abinci kuma zan ci, da azahar.

Aiki ya fi ƙarfina a lokacin, amma zaman gida ya fi aikin gajiyar da ni. Garkata tana bayan gari, ba nisa. Sai in lallaɓa in zauna gindin gawo kusa da rijiya, maƙwabcina yana ta da inji yana sakar mini ruwa cikin fangali in ya gama nasa. Gabana kaɗan ga ruduna, bukkar da muke adana albasa, a kan ƙafafun icce, da jinkar ciyawa.

Da hantsi abin yake farawa. Zufa ta karyo mini, mai sanyi. Yatsuna su ɗauki rawa. Yunwa ta kama ni kamar za ta huda cikina, sannan ta sake ni gaba ɗaya, in ji jikina ba nauyi, kamar buhun da anka zazzage. Ganyen albasa ya yi fari-fari, ya riƙa kwanciya yana tashi ba iska. Ƙarar injin ta yi nisa, ta yi nisa, ta koma ƙarar taɓarya a turmi. Sai in ji ƙanshin gero da anka jiƙa. Rudun ya sauko daga ƙafafunsa a hankali ya zauna ƙasa. Asabari ya rataye a ƙofarsa.

Ranar farko bukkar kawai na gani. Rana ta biyu ko ta uku ga ƙwarya bakin ƙofa, da ƙunar ƙarfe a bakinta. Ni kuma na ƙanƙance, gwiwoyina duk toka, ƙasa tana da ɗumi a ƙarƙashina. Ba tsoro. Ban taɓa jin hutu irin wannan ba, ni da na gaji tun ina saurayi. Sai hannun ya fito. Awarwaron ya zame, ya yi 'yar ƙara. Na ga jijiyoyin bayan hannun, na ga lallen da ya kusa gogewa a farce. Na ce a raina, in hannu ya dawo da farce da lalle, to fuska ma tana ciki. Asabarin kawai za a ɗaga.

Kullum a daidai nan matata take isowa da kwano. Ta taɓa ni ta ce, "Malam, barci kake da rana tsaka?" In ci tuwo loma uku huɗu, rudun ya koma kan ƙafafunsa, injin ya koma inji, kaina ya ɗauki sara. In na ga ta taho daga nesa har haushinta nake ji.

Majo ne ya gano. Na je karɓar ƙwayoyin mako da hantsi, mutane sun yi yawa, na jima kan benci. Da na shiga ya aza ni kan sikeli, ya dube ni, ya ce, "Kai, zufar mi kake yi cikin sanyin nan?" Ya huda mini yatsa. Da ya kalli injin sai ya miƙe tsaye.

"Ka yi allura yau?"

"Na yi."

"Mi ka ci?"

"Ban ci komi ba. Ajan nake."

"Ajan har yanzu?"

"Ai azahar ba ta yi ba."

Ya ɗora hannu biyu a kai. Ya jawo aljihun tebur ya ɗauko ƙwayar sukari uku da yake shan shayi da su, ya tura mini. Na ce an hana ni. Ya ce, "Wanda ya hana ka shi ya ba ka, tauna!" Na tauna. Shekara takwas rabona da sukari. Har cikin kunnuwana na ji zaƙin.

Ya leƙa ya kira matata daga waje, ya zaunar da mu. Ya ce, "Wanga Bagobiri zai kashe kansa ya ce ni ne. Wa ya ce maka ajan azumi ne? Ajan, ciki ba komi lokacin da kake haɗiye magani. Shi ke nan! Ka haɗiye bayan asuba, ka jira kamar awa guda, rana ta taɓa kan katanga, ka yi allura, ka ci nan take. Nan take, ba bayan ka gama hira da jakinka ba."

Na ce, "Da ka faɗa da Hausa, da wa zai wahala? Kun zo garin mutane kuna magana da bakin lakwal."

Ya ce, "Wannan kam gaskiyarka. Laifin bakina ne." Ban taɓa jin Bazabarme ya ba ni gaskiya ba sai ranar. Sannan ya daina wasa. Ya dube ni cikin ido ya ce allurar nan tana janye sukari daga jini ko ka ci ko ba ka ci ba. Wanda ya yi ta bai ci ba zai yi zufa, ya ruɗe, ya yi barci, kuma cikin irin wannan barcin akwai wanda ba a tashi. Ya ce da matata ta ƙulle ƙwayoyin sukari a bakin zanenta kada ta rabu da su. In ta same ni na fita hayyacina kada ta ɗura mini ruwa, ta jiƙa sukarin ta goga mini cikin kunci, ta aiko a kira shi.

Kwana goma na yi ina bin maganarsa. Ƙwaya, jira, allura, kunun da ba sukari da ɗan wake. In je garka in zauna gindin gawo. Rudu rudu ne. Inji inji ne. Albasa tana ta girma abinta. Tarin ya fara sauƙi, zufar asuba ta ragu, kowa yana yi mini barka. Ni kuwa kamar an sake kai ni Bazaga an fito da ita ba na nan.

Ba zan yi wa kaina ado ba. Abin da na yi a rana ta goma sha ɗaya ba kuskuren kalma ba ne. Na san ma'anar ajan sarai, na ji abin da majo ya ce game da barcin da ba a tashi. Na yi lissafi irin na wawa: saura ɗaga asabari kawai, sau guda, in gani in dawo. Na haɗiye ƙwayoyi gaban matata ta sa alama. Na yi allura. Ta miƙo kunu, na ce yau a garka zan sha, iskar can ta fi. Na karɓi kwanon na ce mata na gode. Da na isa na tuttule shi cikin fangali, na zauna.

Abin ya zo da wuri ranar. Zufa, rawa, sannan sakin nan. Taɓarya tana sauka a hankali, kamar mai dakan ba ta gaggawa. Hasken duniya ya koma kalar madara. Rudun ya sauko. Na ga kaina na tashi daga gindin rumbu, ba wanda ya tsawata mini, gidan ba kowa, ko kaza babu. Na taka, ƙasa tana da laushi kamar gari. Na durƙusa inda ake ajiye ƙwarya. Hannun ya fito, amma bai nemi ƙwarya ba, ya kama gefen asabarin ya fara naɗewa. Na ga gwiwa cikin baƙin zane. Na ga ƙirji yana hawa yana sauka, ba tari. Na ga wuya, da ramin nan na ƙasan maƙogwaro. Na ga haɓa. Barci mai daɗi yana jana ta baya, ina cewa a bari, saura kaɗan. Sai ɗayan hannun ya taho ya sa mini yatsa cikin baki, da wani abu mai zaƙi. Na ce Inna ta ɓoye mini wani abu duk shekarun nan. Na tsotsa.

Zaƙin ne ya ɓata komi. Asabarin ya yi duhu, taɓarya ta koma inji. Na buɗe ido, ga fuska dab da tawa, amma ta matata ce, ɗankwali ya faɗi, hanci yana zuba, yatsanta cikin kuncina tana gogawa tana kiran sunan Allah tana zagina a haɗe. Maƙwabcina ya riga ya ruga da babur kiran majo.

Majo ya zo ya yi abin da zai yi. Bai kira ni bawansa ba ranar. Ya ga kunun a kwance cikin fangali, tururuwa sun rufe shi, ya dube ni, ya ɗauki jakarsa ya ce gobe in same shi.

Da munka koma gida na tambaye ta yadda anka yi ta biyo ni da wuri haka. Ta ce, "Shekara nawa ina dama maka kunu? Yaushe ka taɓa ce mini ka gode? Tun da ka faɗa jikina ya ba ni." Ta zauna bakin tabarma. Ta ce, "Malam, in tafiya kake so ka yi, ka gaya mini in huta da sa alama a kati. Ba zan riƙa surfe ina daka ina ba fangali ba."

Sai na gaya mata. Bukkar, hannun, awarwaron, fuskar da na rasa. Ina magana ina kallon bango. Na zaci za ta ce aljanu ne, ko ta yi dariya. Ba ta yi ko ɗaya ba. Sannan ta ce, "To kai da za ka je lahira neman fuska, ba ga wadda ta san ta nan Bazaga tana cin goro ba?"

Gwaggo take nufi. Tana da rai, ta tsufa tukuf, amma idonta yana zare ƙaya. Shekara biyu rabon da ta gan ni, kuma ban bari an gaya mata ciwona ba. Matata ta aika, bayan kwana uku anka kawo ta kan amalanke, an shimfiɗa mata katifa.

Ina zaune ƙarƙashin rumfa ta shigo tana dogara sanda, tana mita tun daga zaure, wai an jijjiga mata ƙashi don ƙaton banza da ba ya zumunci. Ta ɗago kai ta gan ni. Mitar ta tsaya. Ta saki sandar, ta zauna ƙasa inda take, ba ta jira tabarma ba.

Matata ta ce, "Gwaggo, lafiya?"

Ba ta dube ta ba. Ta ce, "Juya gefe." Na juya. Ta ce, "Ai ga ta nan. Wallahi ga ta nan. Kai duk rayuwarka da kumatun ubanka kake yawo, ashe ita tana ƙasa. Ƙashin kuncin nan, da yadda idon ya faɗa, da goshin. Ranar da na ɗaga asabari na ƙarshe, haka na gan ta."

Matata ta shiga ɗaki ta ɗauko madubinta, ɗan ƙarami mai tsaga a gefe. Ni ba mai duba madubi ba ne, wanzami ke ganin fuskata. Na riƙe shi. Na ga wata doguwar fuska ramammiya, idanu manya cikin rami, baki a tsuke kamar mai riƙe tari don kada yaro ya ji. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Gwaggo tana ta faɗa mini sauran: tana da wushirya, gashin girarta ta hagu ya rabu biyu, in za ta yi dariya sai ta rufe baki da bayan hannu. Na taɓa girata ta hagu. A rabe take. Tun ina yaro nake zaton faɗuwa na yi.

Da yamma gwaggo ta ga matata ta zuba mana tuwo kwano guda ni da ita, ta zaro ido. Matata ta gaya mata abin da majo ya ce, kwano ba ruwansa, ɗaki a rufe ne mugun abu. Tsohuwar ta riƙe lomarta ba ta kai baki ba. Can ta ce, "Da hannuna na liƙe kafofin da laka. Cewa anka yi iska ce ke ƙara mata." Na ce, "Ci tuwonki, gwaggo. Ku ma abin da kunka ji kunka yi."

Daga ranar ban sake zubar da kunu ba. Na sami wani tsari: ƙwaya, jira har rana ta taɓa katanga, allura, kunu, sannan madubi. Bayan na ci nake dubawa, haka matata ta gindaya, madubin ma wurinta yake zama. Da anka auna kakina a ƙarshen wata na biyu akwai saura. Majo ya ce masu sukari sukan yi jinkiri, in ci gaba, in riƙe sukarin ƙasa. Ƙafafuna sunka riƙa yi mini kamar ana tsira allurai, ya ƙara mini wata 'yar ƙwaya. Na ci gaba. Awo na gaba ya fito babu komi.

Sikeli ya fara hawa. Majo yana murna, yana cewa ya kusa kai ni kasuwa. Ni kuma kowace safiya ina ganin tana tafiya. Ramin idon ya fara cika. Ƙashin kuncin ya nutse. Ba rana guda ta tafi ba, kaɗan kaɗan, yadda ruwa ke janyewa daga fadama. Na san kowace loma tana rufe ta. Wata safiya na riƙe ludayi na tsaya, matata tana kallona daga bakin murhu, hannunta yana kan ƙullin bakin zanenta. Na sha kunun, na kankare kwano.

Da wata shida sunka cika anka sake auna kakin, majo ya ja layi a katin ya ce, "Bawana, ƙirjinka fes. Ba sauran komi ciki." Na ce ba sauran komi? Ya ce ko ɗaya. Yana jira in yi murna. Na yi masa godiya da gaske, ya cancanta. Amma a hanya na sa hannu a ƙirjina ta dama na ji kamar ɗakin da anka kwashe kaya.

Sukarin yana nan, shi ba ya zuwa ko'ina. Har yanzu in za a auna ni a Kwanni sukan ce in zo ajan, ni kuma in tambaya, har ƙarfe nawa? Yaran da ke aiki wurin suna dariya. Madubin ya koma ɗakin matata. Wani lokaci in na zo wucewa nakan ɗauka. Kumatun babana nake gani, da furfura, da gira guda a rabe. In rufe ido, doguwar fuskar nan tana zuwa yanzu da kanta, ko cikina a cike yake.